Fankar Dodo

A zamanin da Turawa ba su daɗe da kafa bariki a Zuru ba, an yi wani mutum a wani ƙauye da ke kan hanyar Dabai, ana ce da shi Dodo. Sunansa na yanka Abdu, amma ko uwar da ta haife shi sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna. Dodo ya ɓace daga gari daidai lokacin da ake neman hannuwan noma, ya dawo bayan 'yan shekaru da wata tsohuwar malafar Turawa wadda ɓera ya cinye gefenta, da labarin cewa ya yi aiki a gidan wani babban Bature a Zungeru.

Kuma kada a zalunce shi, ya yi aikin. Jan fanka yake yi. Fanka a wancan zamani wani faffaɗan katako ne mai labule da ake ratayawa a rufin ɗaki, a zura igiya ta wani ɗan rami a bango, mutum ya zauna a waje yana ja, iska tana kaɗa Bature. Dodo yakan ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya jingina da bango, yana ja yana gyangyaɗi. Duk Turancin da ya sani ta wannan ramin ya iso masa. Da yake ramin ƙarami ne, manyan kalmomi duk sun maƙale a hanya, ƙananan ne suka samu wucewa.

Da waɗannan ƙananan ya addabi gari. Kullum da yamma yana gindin tsamiyar bakin kasuwa, malafa a ka, yana ba da karatun da ba wanda ya roƙa.

"Ku kuna zaton Turanci manyan kalmomi ne," in ji shi. "Jahilci ke nan. Bature in yana da bukata sai ya ce rikwaya. To daga nan ake gane maza, don abin da zai biyo baya shi ne maganar. In ya ce fo, abin ciki yake so, kaza ko ƙwai. In ya ce of, abin jiki ne, inuwa ko iska. In ya ce tu, ɗauka za ka yi ka kai. Da idona na ga mutumin da aka ce masa of ya kawo fo. Har yau iyalinsa ba su ji labarinsa ba."

"Hwo," in ji wani tsoho, yana gwadawa.

"Ba hwo ba, Baba. Fo. Ka matse leɓe. Da wannan bakin naka ko karen Bature ba zai amsa maka ba."

To, duk wannan ilimi akwai abin da ya kasa samo wa Dodo, ita ce Tasalla. Bazawara ce, 'yar Baba Mode, mai sayar da man kaɗe, kyakkyawa, ga baki kamar aska. Dodo yana sonta so na gaske, irin wanda in ta gifta sai ya manta ko fo yake ciki ko tu. Shi kuwa Baba Mode mutumin Kabi ne, amma ya daɗe cikin Dakarkari, ya ga yadda suke golmo: saurayi ya tara abokansa su yi ta noma wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Tsoho ya duba wannan al'ada, ya duba bayansa mai ciwo, ya ga ba abin da ya raba su.

"Ni ban ce ka yi shekaru ba," ya ce wa Dodo ranar da ya je gaisuwa. "Ɗiyata ba budurwa ba ce, ni ma ba azzalumi ba ne. Ga gonar dawata can. Wanda duk ya huɗe ta kahin dawa ta hi ƙarhin garma, shi ne surukina. Muntaka ma abin da na gaya mishi ke nan."

Muntaka wani ƙato ne mai faɗin kafaɗa, wanda in ka gaishe shi da safe ya amsa, to ya gama maganar ranar.

"Baba, ai ni da ilimi nake noma," in ji Dodo.

Tasalla ta leƙo daga bayan zana. "To a gaya ma ilimin ya zo da garmarshi. Ni daga gonar nan nike cin tuwo."

Dodo ya dubi tafin hannunsa, sumul kamar na jariri, ya koma gida cikin damuwa. Ba shi da garma, ba shi da aboki ko ɗaya da zai duƙa dominsa. Yana cikin wannan hali sai Allah ya kawo masinja daga Zuru da saƙo: wani Bature yana dawowa daga wajen Sakaba, zai yada zango a ƙauyen, a gyara masa masauki, a tanadi abin bukata. Mai gari ya rikice, don bai taɓa saukar Bature ba. Kafin ya gama salati, ga Dodo a ƙofar zaure yana karkaɗe malafa.

"Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka. Bukatar Bature a tafin hannuna take. Ka ba ni majiya ƙarfin garin nan duka, sauran aikin nawa ne."

Mai gari ya ba shi, har da Muntaka a ciki. Dodo ya wuce kai tsaye gidan Baba Mode, ya ce masa ya sa ido: Bature zai ji daɗi, zai naɗa shi tafinta, zai ba shi leburori su huɗe gonar kafin a sauke tukunyar kunu. Baba Mode ya ce, "Allah shi sa. Dawa dai ba ta jin Turanci, tsawo take yi."

Aka gina ɗakin a bakin gari, aka yi masa jinka, aka ɗora. Maza suka kawo igiyar rama za su ɗaure jinkar da bango yadda kowane mai hankali yake yi, Dodo ya hana.

"Ku aje wannan. Ɗaurin jinka aikin ƙarshe ne. Babbar rikwaya ita ce of, kuma uwar of ita ce fanka. Bature ba ya ci, ba ya barci, ba ya naɗa tafinta sai iska na kaɗa shi. Ta Zungeru ƙarama ce. Tamu sai an ji labarinta a Sakkwato."

Aka ciro ƙyauren zauren mai gari, mai gari yana kallo yana haɗiyar yawu. Aka bi gida gida aka kwashe tabarmi, har da sabuwar tabarmar da Tasalla take ɗora ƙwaryar manta a kai a kasuwa. Aka ɗinka su a gindin ƙyauren, aka rataya abin a jikin wata azara da aka gitta cikin jinka, aka huda bango aka zura igiya. Mata suka kawo itacen wuta, Dodo ya kore su da shi.

"Itace fo ne, ko of, ko tu? Ba ya cikin ko ɗaya. Mutumin da ya bar ƙasarsa yana gudun zafi za ku hura wa wuta? Kada in ga ko tsinke a nan."

Alhali ana tsakiyar marka ne. Yayyafi ba ya ɗaukewa, kaji duk sun takure a gindin rumbu, tsofaffi suna yawo da mayafi. Wata tsohuwa ta ce ita dai ko aljani ne ya sauka a wannan sanyi wuta zai nema. Dodo ya ce aljani bai je Zungeru ba.

Da rana Tasalla ta zo neman tabarmarta. Ta tarar an ɗinke ta a sama, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallo. Sai ta juya ta ga Muntaka ɗauke da azara shi kaɗai, ta ce masa, "Sannu da aiki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma Dodo ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

"Kai Muntaka, zo nan. In Bature ya ce rikwaya of, me za ka kawo?"

Muntaka ya gyara azara a kafaɗa.

"Ce fo."

"Hwo."

"Kun ji ko? Wannan zai jawo a ƙone garin nan. Fita. Kada in ƙara ganin ƙafarka a wurin aikin Bature."

Muntaka ya ajiye azara a hankali, ya dubi sama, ya dubi Dodo, ya tafi. Dodo ya bi shi da kallo yana murmushin wanda ya kayar da abokin gaba a gaban mace. Bai tambayi inda ya nufa ba.

Daga nan kora ta yi masa daɗi. Aka yi gwajin farko, aka zaunar da mai gari a ƙarƙashin fanka a matsayin Bature. Maza suka ja igiya, ƙyaure ya taho da ƙarfinsa ya kwashe rawanin mai gari ya maka shi da bango. Wasu samari suka ƙyalƙyace da dariya, Dodo ya kore su. Aka ɗaga fankar sama kaɗan aka sake ja, jinka ta girgiza, ƙadangaru da tsohuwar ƙura da wata kunama suka zubo a cinyar mai gari. Mai gari ya fita da gudun da ba a san yana da shi ba. Waɗanda suka yi dariya aka kore su, waɗanda suka danne dariya har suka yi tari su ma aka kore su. Samarin Dakarkari da suka ga abin da ke faruwa suka fara zuwa da kansu suna tsayawa a gabansa.

"Malam Dodo, hwo."

"Fita."

"Mun gode."

Kowa aka kora sai ya biya gida ya saɓi garma ya bi hanyar gabas, don Muntaka ya sha taya su golmo, kuma mutanen nan ba su manta wanda ya duƙa a gonarsu. Dodo yana ganin garemani suna wucewa ta bayan masauki, yana cewa a ransa, jahilai sun koma inda suka fi wayo.

Ranar da Bature zai iso, Dodo ya waiwaya ya ga ba sauran mai jan igiya sai tsofaffi da ba su iya jan numfashinsu ma. Ya ɗaura a yatsansa kamar yadda ya saba a Zungeru, ya ja, ƙyaure bai ko motsa ba, yatsan ne ya yi ƙara. Ya ɗingisa zuwa gidan Baba Mode ya ce a ba shi aron jaki.

"Jakin ma Turanci za ka koya mishi?" in ji Tasalla.

"Ke dai ki shirya zama matar tafinta."

"Na shirya. Tabarmata nike jira in zauna kai."

Dabarar da ya yi, wallahi in ka ji ta a baki sai ka ce mai hankali ne. Ya ɗaura igiyar fanka a wuyan jaki. Ya ɗauko wata igiyar ya ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin, ɗayan a idon sawunsa. Jaki zai yi gaba, fanka ta tafi. Dodo ya janyo shi da ƙafa, fanka ta dawo. Shi kuwa yana zaune a kan turmi hannuwansa a sake, don ya cire malafa ya gai da Bature kamar yadda ya kamata.

Bayan azahar aka hango su. Gari duka ya fito ya yi da'ira, ana leƙe ta kafaɗar juna. Ga 'yan dako, ga masinja, ga doki ana jansa ba kowa a kai, ga wani ɗan kare mai gajerun ƙafafu. Shi kuwa Bature a cikin amuku, wato gadon lilo na yadi, aka ɗauko shi, an naɗe shi da barguna, fuskarsa ta yi ɗorawa, haƙoransa suna kaɗawa har ana ji daga bakin tsamiya. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya. Aka shiga da shi aka kwantar a gadonsa na zango, daidai ƙarƙashin ƙyauren mai gari.

Masinja ya fito yana waige waige. "Ina itace? A hura wuta maza. Bature sanyi yake ji."

"Kai yaushe ka shiga aikin?" in ji Dodo daga kan turmi. "Wannan rawar jiki ta zafi ce. Of yake nema." Ya sa baki a ramin bango ya ƙwala, "Rikwaya of, sa. Of tu fo, sa." Ya ɗaga tsumagiya ya tsula wa jaki.

A nan dole a faɗi gaskiya, fankar ta yi aiki. Ba a taɓa ganin iska irin wannan a cikin ɗaki ba. Jiƙaƙƙun tabarmi suka taho fuu, suka yaye bargon Bature, suka yayyafa masa ruwan da suka kwana sha. Suka koma, suka dawo. Daga cikin ɗaki aka ji wata irin tsawa, Turanci zalla, manyan kalmomi masu nauyi, irin waɗanda ba su taɓa wucewa ta ramin Zungeru ba.

"Mi ya ce?" in ji mai gari.

"Godiya yake yi," in ji Dodo. "Ya ce a ƙara."

Ya ƙara tsula wa jaki. Ɗan karen nan da ya ji ubangidansa yana ihu, ya fito a guje ya rasa wanda zai kama, ya zaɓi agarar jaki. Jakin Baba Mode kuwa tun safe bai ci komai ba, ga bulala, ga yayyafi, yanzu ga haƙori. Ya yi wani kuka, ya harba, ya miƙe ya nufi gida.

Igiya ta miƙe. Jinkar da aka ce ɗaurinta aikin ƙarshe ne ta ɗaga, ta karkata, ta sulale daga kan bango kamar an cire wa ƙwarya faifai, ta kifa a ƙasa. Sai ga Bature a fili, kwance a gado, yayyafi na sauka a fuskarsa, gari duka na leƙensa ta kan bango. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe dai da ƙafa biyu yake kwana kamar kowa."

Dodo bai samu ganin wannan ba. Azarar ta fizge daga jinka ta bi jaki, igiya ta biyu ta fizge shi daga kan turmi ya bi azara. Malafa ta yi nata wuri. Aka ja shi ta cikin taɓo, ta gefen tsamiyar da yake ba da karatu, yana kiran jakin da fo da of da tu, daga baya ya koma Hausa tsantsa yana kiran uwarsa. Yara da manya suka rufa musu baya.

Hanyar gidan Baba Mode ta cikin gonarsa ta bi. Da suka shiga dawa sai Dodo ya ji bayansa yana hawa yana sauka, gwaf, gwaf, gwaf. Ko a cikin wannan azaba ya gane abin da yake bugunsa. Kunya ce, sabuwa, doguwa, mai laushi, an huɗe ta da kyau. Ya wuce wata, ya hau wata, ga wata kuma. Tun daga wannan gefe har wancan babu inda bayansa ya samu fili ya huta. Ciwon da ya ji a ƙirji a lokacin ya fi na bayan nesa ba kusa ba.

A ƙarshen gona azara ta maƙale a kututture, jaki ya tsaya ya fara cin ciyawa kamar ba shi ba. Dodo ya buɗe ido. Ga Muntaka tsaye da garma a kafaɗa, ga duk samarin da ya kora a zaune a gindin ɗorawa suna shan kunu, ga Tasalla tana zuba musu. Baba Mode ya tako da sandarsa ya tsaya a kansa.

"Sannu, tafinta. Ka zo duba aiki? Ai ka duba shi da kyau, ba kunyar da ka tsallake."

"Baba," in ji Dodo, bakinsa cike da ƙasa, "leburorin suna tafe."

"Sun riga ka isowa. Kai ka turo su, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin mai neman aure da ya yi ma abokin takararshi gayya ba sai kai. Allah shi yi maka albarka."

Samari suka ɗaga ludaya suka ce baki ɗaya, "Hwo."

Masinja ya iso yana haki, mai gari na biye da shi ba rawani. Ya ce an kai Bature ɗakin tsohuwar nan da ta yi maganar aljani an hura masa wuta, kuma ya faɗi bukatunsa, da Hausa ya faɗe su don kada a samu mai fassara: a mayar da jinka, a mayar wa mai gari ƙyaurensa, kuma mai malafar nan shi zai yi aikin, shi kaɗai, a inda Bature ba zai ji muryarsa ba.

Dodo ya tashi zaune da ƙyar, ya dubi Tasalla. Duk cika bakin ya zube, saura mutum mai son mace. "Tasalla, don ke na yi."

Ta dube shi, kuma ba dariya a fuskarta. "Na sani, Abdu. Da ka duƙa ka yi mini kunya ɗaya da hannunka, ko karkatacciya ce, da na tsaya na yi gardama da Baba. Shekara kana gaya muna abin da Bature ke bukata, ni kuwa a gabanka na faɗi tawa bukata, da Hausa." Ta miƙa masa ludayin kunu. "Sha. In ka gama ka kwance mini tabarmata, ranar Juma'a za a shimfiɗa ma masu ɗaurin aure."

Muntaka ya duƙa ya kwance igiyar daga ƙafar Dodo, ya nuna layin da azara da bayan Dodo suka rusa tun daga farkon gona har ƙarshe. Sa'an nan ya sauke garmarsa daga kafaɗa ya ɗora masa a cinya.